Sankarar huhu: yadda hayaƙi yake ɓata rubutun da ke cikin jiki

Duk inda ma'aikatan kiwon lafiya suka tara jama'a domin gargaɗi a kan shan taba sigari, ba a rasa wanda zai miƙe ya kawo wannan magana: ga wani tsoho can a unguwa, ya shekara hamsin yana busa hayaƙi, har gobe da ƙafarsa yake zuwa gona, ga kuma wata baiwar Allah da ba ta taɓa kai karan sigari bakinta ba, amma likita ya ce sankarar huhu ce ajalinta. To, ina gaskiyar gargaɗin? Maganar ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata a amsa ta da tsawa ba. Masana sun fi shekara saba'in suna bin sawunta, kuma amsar da suka samo tana cikin wasu abubuwa biyu da ido ba ya gani: rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, da wasu ma'aikatan jiki waɗanda ake kira anzim.

Cibiyar binciken cutar sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka kamu da sankarar huhu, mutum miliyan 1 da dubu 800 kuma suka rasu a dalilinta. Babu wata sankara da ke kashe mutane da yawa kamarta. OMS ta ce shan taba ne sanadin kusan kashi 85 cikin ɗari na masu kamuwa. Wani bincike da aka buga a Ingila a shekara ta 2000 ya nuna cewa cikin maza ɗari da suka ci gaba da shan sigari, wajen 16 ne sankarar huhu take kashewa kafin su cika shekara 75, alhali cikin ɗari da ba su taɓa sha ba, ko mutum guda bai cika ba. Ashe ke nan tsohon unguwa ba abin mamaki ba ne. Yana cikin sauran 84, ko da yake da yawa daga cikinsu ciwon zuciya da toshewar hanyar numfashi ne suke ɗauke su da wuri. Abin da ya rage a sani shi ne me ya raba shi da waɗancan 16.

Littafi mai haruffa huɗu

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali, kuma yawansu ya kai miliyar dubu 30. A tsakiyar kowace ƙwaya ta huhu, ko ta hanta, ko ta fata, akwai wani dogon zare a naɗe, ana kiransa ADN. Littafi ne wanda mutum ya gada daga uwa da uba. Haruffansa huɗu ne kaɗai, masana suka yi musu alama da A, C, G da T, amma an jera su har wajen miliyar 3. Littafin yana da babi kusan dubu 20, kowane babi kuma yana gaya wa ƙwaya yadda za ta ƙera wani kayan aiki guda.

Da yawa daga cikin waɗannan kayan aiki anzim ne. Wanda ya taɓa riƙe lomar tuwo a baki ya daɗe yana tauna ta har ya ji zaƙi-zaƙi, ya riga ya san aikin anzim: akwai guda cikin yawu, shi ne yake farfasa garin hatsi ya mai da shi sukari. Irinsa dubbai ne cikin jiki, kowane da sana'arsa. Wani yana narka abinci, wani yana kwance guba, wani yana gyara littafin in ya yage, wani kuma yana ba ƙwaya izinin ta rabu biyu.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe littafin nan baki ɗaya. A nan ne kuskure yake shiga. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san abin da harafi guda yake iya yi: a cire g a sa t, «gari» ya koma «tari». Haka yake cikin ADN. Yawancin kurakuran ba su da wani lahani, don suna faɗawa inda ba a karantawa. Amma in kuskure ya faɗa kan babin da ke tsara rabuwar ƙwaya, kuma wani ya zo ya tarar da shi, wani kuma ya biyo baya, to ƙwayar tana iya daina jin magana, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan tarin ƙwayoyi marasa jin magana shi ne sankara. Ba a rana ɗaya yake faruwa ba. A huhu yakan ɗauki shekara ashirin, talatin, ko fiye.

Tun ba a san da ADN ba, likitoci sun lura hayaƙi da kwalta suna da hannu a ciki. A 1775 wani likitan fiɗa na Landan, Percivall Pott, ya rubuta cewa masu sharar bututun hayaƙi na gidaje suna yawan kamuwa da sankarar fatar maraina. A 1915 Katsusaburo Yamagiwa na Japan ya yi watanni yana shafa wa zomaye kwalta a kunne, har sankara ta fito. A 1933 wasu masana a Landan suka tace tan biyu na kwaltar gawayin ƙasa, suka fitar da ɗan garin da ke yin ɓarnar, wanda ake kira benzopiren. Yana cikin hayaƙin duk abin da ya ƙone bai cinye ba: gawayi, itace, man gazuwal, ganyen taba. Sa'an nan a 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka bi asibitoci ashirin na Landan, suka tambayi maza 649 masu sankarar huhu, suka tarar biyu kaɗai ne ba sa shan taba. Doll da kansa mashayi ne a lokacin. Bai jira ƙarshen binciken ba ya daina.

Jiki ne yake wasa wuƙar

Abin da ya rikita masana shi ne, in aka zuba benzopiren a kan ADN cikin kwalba, kusan babu abin da ke faruwa. Wasu ma'aurata masana na Jami'ar Wiskonsin a Amurka, James da Elizabeth Miller, su ne suka fara warware wannan tun daga shekarun 1940. Sun nuna cewa yawancin abubuwan da ke haddasa sankara suna shiga jiki ne a dakushe, jikin da kansa yake wasa su.

Ga yadda abin yake. Benzopiren ɗan uwan mai ne, ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka fitsari ba ya iya fitar da shi. Jiki yana da wani dangin anzim mai suna sitokurom P450, mafi yawansu a hanta, wasu a huhu, aikinsu su liƙa wa irin wannan baƙo iskar oksijen domin ya narke a kore shi. Aiki ne na kirki, ba don shi ba da magunguna da gubar abinci sun taru sun halaka mutum. Sai dai a kan benzopiren, wani lokaci aikin yana bi ta mummunar hanya. Anzim na farko, CYP1A1, ya taɓa shi, wani ya ƙara masa ruwa, na farkon ya sāke taɓa shi, sai a sami wani sabon abu mai kaifi wanda ke neman abin da zai manne wa. Peter Sims da Philip Grover da abokan aikinsu a Landan ne suka gane shi a 1974. Abin da ya fi so ya manne wa shi ne harafin G. In ƙwaya ta zo kwafar littafi ta tarar da G ɗauke da wannan kaya, ba ta gane shi, kuma sau da yawa T ne yake maye gurbinsa a sabon kwafi. Daga nan kuskuren ya zauna, duk ƙwayar da ta fito daga wannan za ta gaje shi.

Abin takaici, hayaƙin da kansa yana sa jiki ya ƙara ƙera waɗannan anzim, watau mashayi yana ƙara wa maƙerar wuta da hannunsa. Shi ya sa ma gahawa da shayi suke saurin sakin mai shan sigari, don wani ɗan gidan P450 da hayaƙi ya zuga yana saurin kwance ƙarfinsu.

Benzopiren ɗaya ne cikin abubuwa wajen 70 masu haddasa sankara da aka ƙidaya a hayaƙin taba. Akwai wani, NNK, wanda ke samuwa daga nikotin lokacin da ake busar da ganye, kuma shi ma sai anzim sun wasa shi. Yana cikin tabar da ake tauna da wadda ake shaƙa, waɗanda aka tabbatar suna kawo sankarar baki da ta maƙoshi. Shi kansa nikotin ba a lissafa shi cikin masu ɓata rubutu ba. Aikinsa shi ne ya ɗaure mutum ya hana shi bari.

Jiki bai zauna hannu rabbana ba. Akwai anzim masu cafke abin nan mai kaifi kafin ya isa ga ADN, kamar wanda ake kira GSTM1. Akwai kuma masu sintiri a kan littafin, in sun ga harafi da kaya a manne sai su yanke layin, wajen haruffa talatin, su sāke rubuta shi daidai. Aziz Sancar, ɗan asalin Turkiyya, yana cikin mutum uku da suka sami lambar Nobel ta 2015 saboda bayyana wannan gyara. A nan ne mutane suka bambanta, don kowa da irin anzim ɗin da ya gada. Kusan rabin Turawa an haife su babu GSTM1 sam, a tsakanin baƙar fata kuwa marasa shi ba su kai haka ba. A Japan akwai mutane da dama waɗanda anzim ɗinsu mai kwance nikotin, CYP2A6, yake da rauni ko babu shi. Nikotin yana daɗewa cikin jininsu, ba sa bukatar kara da yawa a rana, kuma an ga sankarar huhu ta fi sauƙi a cikinsu.

Kada wani ya ɗauki wannan ya yi matashi da shi. Bambancin da anzim na gado suke kawowa ƙarami ne in an gwada da na hayaƙin, wanda yake ninka haɗari sau 15 zuwa 30. Kuma babu wani awo da likita zai yi ya ce wa mutum: kai sha abinka, ba ka ciki. Ban da gado akwai sa'a, watau inda kuskuren ya faɗa.

An ƙidaya kurakuran. A 2016 Ludmil Alexandrov da abokan aikinsa suka karanta ADN na sankara fiye da dubu 5, suka lissafa cewa mai shan kwali guda kowace rana yana ƙara wa kowace ƙwayar huhunsa kuskure wajen 150 a shekara, ta maƙogwaro 97, ta baki 23, ta mafitsara 18, ta hanta 6. Mai shekara talatin yana sha ya tara fiye da 4.000 cikin kowace ƙwaya, ƙwayoyin kuwa miliyoyi ne. Caca ce wadda ake jefa ƙuri'arta kullum.

Mai gadi da makunni

Cikin babi dubu 20, ƴan kaɗan ne ɓacinsu yake kai ga sankara. Mafi shahara shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Mai gadi ne: in ya ga rubutu ya lalace sai ya tsai da ƙwaya har a gyara, in kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara sai ya umarce ta ta kashe kanta. A kusan rabin sankarar huhu an tarar da shi a lalace, a wani irin kuma mai saurin yaɗuwa, wanda ake kira mai ƙananan ƙwayoyi, kusan duka.

A 1996 Gerd Pfeifer da Mikhail Denissenko da abokan aikinsu a Amurka suka zuba benzopiren ɗin da aka wasa a kan ƙwayoyin huhun ɗan Adam, suka duba inda ya manne cikin babin p53. Ya fi manne wa wuri uku: gurbi na 157, na 248 da na 273. Waɗannan su ne guraben da aka daɗe ana ganin kuskure a sankarar mashaya. Shekara da shekaru kamfanonin taba suna cewa lissafin Doll da ire-irensa ba hujja ba ne, babu wanda ya ga hayaƙi yana aikata laifin. Wannan karon an ga sawun ɓarawo a bakin rumbu. A 1999 kamfanin Philip Morris ya amsa a fili cewa shan sigari yana haddasa sankarar huhu.

Faɗuwar mai gadi kaɗai ba ta isa ba, sai an sami mai zuga ƙwaya ta yi ta rabuwa. Mafi yawa wani anzim ne yake zama wannan mai zuga. KRAS kamar makunnin fitila yake: saƙo ya zo ya kunnu, ƙwaya ta rabu, sa'an nan shi da kansa ya yanke ɗan abin da ya kunna shi ya mutu. In kuskure ya faɗa a gurbinsa na 12, ba ya iya kashe kansa, sai ya maƙale a kunne. A 1984 Eugenio Santos da Mariano Barbacid, ƴan Sipaniya masu aiki a Amurka, suka sami wannan kuskure cikin ƙarin huhun wani majinyaci, suka duba lafiyayyen naman jikinsa ba su same shi ba. Wannan yana da muhimmanci ga iyalan marasa lafiya: kuskuren a huhu aka yi shi cikin rayuwa, ba daga iyaye ya zo ba, ba ya wucewa ga ƴaƴa, kuma ba a ɗaukarsa ta tari ko ta cin abinci kwano ɗaya. A ƙasashen Turai da Amurka ana samun KRAS a lalace a kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na irin sankarar huhun da ta fi yawa, kuma kuskuren da ya fi yawa a cikinsu, G12C, shi ne dai wancan: an rubuta TGT inda ya kamata a rubuta GGT.

Akwai sauran anzim da sankara take ɗauka aiki daga baya. Telomeraz yana hana ƙwayar tsufa, wasu kuma suna yanka mata hanya cikin nama har ta kai ga jini, ta sauka a ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa.

Wadda ba ta taɓa sha ba

Saura baiwar Allah da ba ta san ɗanɗanon taba ba. Wani lokaci hayaƙin mijinta ne, don an tabbatar zama da mashayi yana ƙara haɗari. Amma sau da yawa in aka karanta ADN na irin wannan sankara, ba a ganin sawun G zuwa T. Wani babi dabam ne ya lalace, ana kiransa EGFR. Shi wannan kamar eriyar rediyo yake a bayan ƙwaya, gindinsa kuwa yana ciki, kuma gindin anzim ne mai isar da umarnin rabuwa. In an tsallake ƴan haruffa a wani layi nasa, ko an musanya harafi a gurbi na 858, sai ya yi ta ba da umarni ko babu saƙon da ya zo. Ana samun haka a wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na majinyatan Turai, a gabashin Asiya kuwa kusan rabi, kuma ya fi yawa ga mata da waɗanda ba su taɓa sha ba.

A 2023 masanan Cibiyar Francis Crick ta Landan, ƙarƙashin Charles Swanton, suka buga wani abu da ya sauya tunani. Sun duba lafiyayyen naman huhu na mutane, suka sami kuskuren EGFR a kashi 18 cikin ɗari, na KRAS a kashi 53. Watau mutane da yawa suna yawo da ƴan ƙwayoyi masu kuskure, waɗanda tsufa kaɗai ya kawo, suna kwance suna barci. Da suka shaƙa wa ɓeraye ƙurar iska mafi laushi, wadda ta fi silin gashi siranta sau talatin, sai huhun ya yi kumburi, kumburin kuma ya tayar da masu barcin suka shiga hayayyafa. Ƙurar ba ta rubuta sabon kuskure ba, tsohon ta farkar.

Wannan ya shafi gidajen Nijar kai tsaye, inda mafi yawan mata da itace suke girki, wasu cikin ɗaki mara taga. Cibiyar Liyon ta sa hayaƙin gawayin ƙasa na cikin gida, da hayaƙin gazuwal, da gurɓatacciyar iskar birane cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu, hayaƙin itace kuwa cikin waɗanda ake kyautata zato ƙwarai. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, inda mata ba sa shan taba amma suna girki da gawayin ƙasa, gidajen da suka sa wa murhu bututun fitar da hayaƙi sun ga cutar ta ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari.

Akwai kuma radon, wata iska mara launi mara wari da ke fitowa daga duwatsu masu uraniyom. Ita ba ta bukatar anzim ya wasa ta, haskenta ne yake tsinka zaren ADN kai tsaye. Tun 1879 likitoci biyu suka gane cewa ciwon da ke kashe masu haƙar ma'adini a Schneeberg ta Jamus sankarar huhu ce. OMS ta ce radon ne sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na cutar, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarinsa ga mashayi ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Nijar tana haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, ramin ƙarƙashin ƙasa na Akuta kuma ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Tun da cutar tana iya fitowa shekaru da yawa bayan mutum ya aje aiki, duba lafiyar tsofaffin ma'aikata ba abin da za a rufe tare da rami ba ne.

Maganin da aka ɗinka wa kuskure

Sanin cewa anzim guda ne ya maƙale ya buɗe ƙofar magani. In an sami abin da zai toshe bakin anzim ɗin, sankarar za ta rasa mai zuga ta. Gefitinib, ƙwayar da ake haɗiya sau ɗaya a rana, ya fito a Japan a 2002, amma ya ba likitoci mamaki: yawancin majinyata bai yi musu kome ba, ƴan kaɗan kuwa ƙarinsu ya motse cikin makonni. A 2004 ƙungiyoyi uku na masana a Boston da New York suka gano dalili. A ɗaya daga cikin binciken, 8 cikin majinyata 9 da maganin ya yi wa aiki suna da kuskuren EGFR, cikin 7 da bai yi wa aiki ba kuwa babu ko ɗaya.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan wajen shekara guda sankarar takan dawo, kuma a kusan rabin majinyata dalilin wani sabon kuskure ne a gurbi na 790, wanda ke hana maganin kamawa. Aka ƙera osimertinib domin shi, ya fito a 2015, kuma a wani babban gwaji ya riƙe cutar wajen wata 19, inda tsofaffin magungunan suka riƙe ta wata 10. A 2007 Hiroyuki Mano na Japan ya gano cewa babin wani anzim, ALK, yana mannewa da wani babi a kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na majinyata, maganinsa na farko ya fito a 2011, kuma a 2024 aka ba da rahoton cewa da sabon magani, lorlatinib, 60 cikin ɗari sun kai shekara biyar cutar ba ta ci gaba ba. KRAS ne ya fi taurin kai. Shekara talatin ana cewa ba shi da inda za a kama shi, sai a 2013 Kevan Shokat a San Faransisko ya sami wani ɗan lungu a jikin G12C, kuma sotorasib ya fito a 2021, ko da yake amfaninsa bai kai na waɗancan ba.

Waɗannan magunguna suna tsawaita rai, amma in cutar ta riga ta yaɗu, da wuya su warkar da ita. Sababbin cikinsu kuɗinsu a shekara miliyoyin CFA ne masu yawa. A 2019 OMS ta sa erlotinib, ɗan uwan gefitinib, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Sai dai ba a ba da su a makance: dole a ciro ɗan naman ƙarin, a karanta ADN ɗinsa, a ga ko kuskuren yana nan. Ƙasar da ta sayi maganin ba ta tanadi ɗakin awon ba, ta sayi mabuɗi ba ta san ƙofa ba.

A Nijar, Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai ta fara gashin sankara da haske a 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kuma tun 2006 akwai dokar yaƙi da shan taba. Babbar matsala a nan, kamar a sauran ƙasashen Afirka, ita ce sankarar huhu tana kama da tarin fuka: tari mai daɗewa, majina da jini, ciwon ƙirji, rama. Majinyaci yana iya shan maganin tarin fuka wata shida, sankara tana ci gaba a ɓoye. Wanda aka auna majinarsa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, ko ya yi makonni yana shan magani babu sauƙi, balle in ya haura shekara 40 kuma ya taɓa shan taba ko ya yi aiki cikin rami, ya kamata likitan Maradi, ko na Damagaram, ko na Tawa ya tura shi gaba a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Binciken Ingila na 2000 ya kuma lissafa abin da bari yake kawowa. Haɗarin da yake 16 cikin ɗari ga wanda ya ci gaba, yana komawa 10 ga wanda ya bari yana ɗan shekara 60, 6 ga mai 50, 3 ga mai 40, 2 ga mai 30. An daɗe ana mamakin wannan, tun da kuskuren da ya zauna cikin ADN ba ya gogewa. A 2020 masana a Ingila suka karanta ADN na ƙwayoyin hanyar numfashi ɗaya bayan ɗaya daga mutum 16, yara da manya, mashaya da waɗanda suka bari. A huhun masu sha, kusan duk ƙwayoyin sun cika da dubban kurakurai. A huhun waɗanda suka bari kuwa, aka tarar har kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin kusan tas suke, kamar na wanda bai taɓa sha ba. Wasu ƙwayoyi ne da suka tsira daga hayaƙin, da ya ɗauke sai suka hayayyafa suka sāke shimfiɗa bangon hanyar. Cikin waɗanda aka ga haka a huhunsu har da mutanen da suka sha kwalin sigari fiye da 15.000 kafin su bari.